Raƙumin ƙarfe: tarihin ƙarkon manyan motocin jif a Titin Ibrahim Taiwo

Da misalin ƙarfe biyu na rana, Titin Ibrahim Taiwo ba ya barin kowa ya yi sauri. 'Yan Adaidaita Sahu sun cika ko'ina, 'yan dako na ratsawa da dilolin atamfa da shadda daga Kantin Kwari, masu kura na neman inda za su kutsa. A cikin wannan cunkoso ne manyan motocin attajiran Fagge da Sabon Gari ke jan jiki: Land Cruiser, Prado, Lexus, jefi-jefi kuma Range Rover ko Mercedes. Duk wanda ya tsaya ya ƙirga zai lura cewa mafi yawansu daga gidan Toyota suka fito, kuma da dama cikinsu sun haura shekara goma suna aiki.

Ga likita ko ma'aikacin banki ko ɗan kasuwa da ya yi shekaru yana tara kuɗin mota, wannan lissafi ba na wasa ba ne. Jif ɗaya na iya cinye abin da zai gina gida, kuma zaɓin da aka yi a ranar ciniki shi ke yanke hukuncin ko motar za ta zama kadara ko ta zama ramin zuba kuɗi. Dillalai na da amsarsu a taƙaice: a sayi Toyota a huta. Sai dai tarihi ya nuna cewa kafin Toyota, wasu motoci biyu sun riƙe wannan kambu a Arewa, kuma dukansu sun rasa shi. Sanin yadda suka rasa shi ya fi amfani ga mai saye fiye da kirarin da dillali zai yi wa hajarsa.

Daga ayari zuwa Land Rover

Tun kafin a san mota, Fagge masaukin matafiya ne. A nan ayarin Buzaye da ke ƙetare Sahara ke yada zango a wajen ganuwar birni, su sauke gishiri, su ɗauki hatsi da tufafi. Ma'aunin abin hawa a wancan zamani ɗaya ne: ya kai mutum inda za shi, ya kuma dawo da shi. Doki ya fi raƙumi kyan gani da sauri, amma madugu bai taɓa ɗora dukiyarsa a kan doki ya nufi Agadas ba. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta karya kasuwar ayari, ta haifar da Sabon Gari da unguwar Kwara 'yan Siriya da Labanan, wadda daga baya ta zama Kantin Kwari. Amma bayan tashar jirgi, hanyoyin ƙauyuka na nan da yashinsu da taɓonsu.

Motar da ta fara cike wannan gurbi ita ce Land Rover. An fito da ita a Ingila a 1948, bisa kwaikwayon Jeep ta sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, wadda daga sunanta ne ake kiran duk mota mai tsawon ƙafa da jif har gobe. Saboda ƙarancin ƙarfe bayan yaƙi, da alminiyom aka yi bodinta, abin da ya sa ba ta tsatsa. Injinta mai sauƙi ne, kafireto da fulogi da 'yan wayoyi, irin wanda bakanike zai kwance a gindin bishiya ya mayar kafin magariba. Jami'an mulkin mallaka, ma'aikatan En'e, malaman gona, likitocin dabbobi da 'yan sanda duk a cikinta suka zaga Arewa.

Land Rover tana lalacewa, kuma tana ɗigar mai. Abin da ya ba ta suna shi ne duk inda ta tsaya akwai wanda ya san ciwonta, akwai kuma kantin da ke da maganin, domin kamfanonin Ingila ne ke riƙe da shigo da kaya, gwamnati kuma ita ce babbar mai saye. A ƙarshen shekarun 1970 har an kafa masana'antar Leyland a Ibadan, inda ake haɗa ta tare da manyan motoci.

Darasin Peugeot

Titin da ake magana a kansa sunan Kanar Ibrahim Taiwo ya ci, gwamnan soja na jihar Kwara, wanda aka kashe ranar 13 ga Fabrairu, 1976, ranar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a Legas cikin baƙar Mercedes ɗinsa. Motar tana nan a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan da ramukan harsashi a jikinta. Gwamnatin Obasanjo da ta biyo baya ta ɗauki manufar rage facaka, ta mayar da Peugeot 504 motar hukuma, wadda masana'antar PAN ta Kaduna ta fara haɗawa a 1975.

Peugeot 504 ba jif ba ce, amma ta yi aikin jif. Tana da tsawon ƙafa da shakazoba mai jure ramuka, kuma masana'antarta na kusa da Kano. Daga Sakkwato zuwa Maiduguri babu garin da ba shi da bakaniken Peugeot. An ci gaba da haɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da yawa bayan an daina yin ta a Faransa. Amma da tattalin arziki ya karye, gwamnati ta koma sayen motocin waje, masana'antar ta yi rauni har aka sayar da ita ga 'yan kasuwa a 2006, sababbin samfuran kuma suka zo da wayoyi da na'urorin da tsofaffin kanikawa ba su saba da su ba. Cikin shekaru kaɗan sunan da aka gina tsawon shekara talatin ya dusashe.

Yadda Toyota ya shigo

Land Cruiser sa'ar Land Rover ce. An fara ƙera ta a Japan a 1951, aka raɗa mata sunan a 1954, samfurin 40 da ya yi fice ya fito a 1960. Yayin da kamfanin British Leyland, wanda Land Rover ta koma ƙarƙashinsa a 1968, ke fama da yajin aiki da bashi har gwamnatin Birtaniya ta karɓe shi a 1975, Toyota yana ta kafa wakilai da rumbunan kayan gyara a Afirka da ƙasashen Larabawa da Ostareliya. Mai jiran kayan Land Rover watanni sai ya ga maƙwabcinsa ya samu na Toyota cikin mako.

Abubuwa biyu a shekarun 1980 suka kammala juyin a wannan yanki. Na farko ya faru a maƙwabciyar ƙasa Chadi. A watan Janairun 1987 sojojin Hissène Habré, ƙarƙashin kwamanda Hassan Djamous, suka fatattaki rundunar Libiya mai tankoki a garin Fada, suna cikin motocin Toyota buɗaɗɗu kimanin 400 da Faransa ta ba su. A watan Maris suka ƙwace sansanin Wadi Dum. Duniya ta kira wannan karo Yaƙin Toyota. Samfurin 70 da aka fito da shi a 1984 har yau ana ƙera shi, shi ne kuma abin hawan hukumomin agaji a faɗin Sahel.

Na biyu shi ne tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Babangida ta ƙaddamar a 1986. Naira da ta kasance kusan kunnen doki da dala a 1985 ta faɗi har dala ɗaya ta kai kusan naira huɗu a 1987. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, masana'antun haɗa motoci suka durƙushe, aka shiga zamanin tokumbo, wato motocin da aka yi amfani da su a Turai da Amurka, masu shigowa ta Legas ko ta Kwatano. Daga nan tambayar mai saye ta sauya. A da yana tambayar yadda mota take idan sabuwa ce. Yanzu abin da ya dame shi shi ne yadda za ta kasance a shekararta ta goma sha biyu, a hannun mai ita na uku.

Zamanin alfarma

Range Rover ce ta fara haɗa jif da ƙasaita. Da ta fito a 1970, ƙofa biyu gare ta da kujerun roba, an yi ta ne don manomin Ingila mai hali ya iya wanke cikinta da ruwa. Sannu a hankali aka ƙawata ta, musamman bayan shigarta kasuwar Amurka a 1987. A 1992 aka sauya sifirin ɗinta na ƙarfe da jakunkunan iska da kwamfuta ke sarrafawa. A ɗaya ɓangaren kuma kamfanin yana ta sauya hannu: BMW ya saye shi a 1994, Ford a 2000, Tata na Indiya a 2008. Samfurin da ya fito a farkon shekarun 2000 ya fara da injin BMW, daga baya aka sauya shi da na Jaguar. Ga bakaniken Kano, wannan na nufin motoci biyu masu kama ɗaya a waje amma kayan cikinsu ba sa shiga juna.

Jamusawa sun biyo baya. Mercedes na da G tun 1979, wadda ake ƙerawa a birnin Graz na Ostiriya, mota ce mai ƙashin soja kafin ta zama ta 'yan gayu. M-Class ta fito a 1997 daga masana'antar Alabama a Amurka, kuma samfuranta na farko sun sha suka kan ingancin haɗi. BMW X5 ta zo a 1999, Porsche Cayenne a 2002. An tsara waɗannan ne don gudu a kan kwalta mai santsi, da sharaɗin za a riƙa kai su sabis wurin wakilin kamfani a kan kari.

Toyota ya bi wata hanya. Ya kafa Lexus a 1989, da ya tashi yin babbar jif ta alfarma kuma sai ya ɗauki Land Cruiser ya sa mata fata da katako. LX 450 Land Cruiser 80 ce, LX 470 ta 1998 ita ce Land Cruiser 100, LX 570 kuma Land Cruiser 200 ta 2007, yayin da GX take Prado a cikin babbar riga. Samfurin 200 ya yi shekara goma sha huɗu a kasuwa kafin a sauya shi. Wannan jinkiri, da masu sharhin motoci a Turai ke ɗauka a matsayin rashin ci gaba, shi ne ribar mai saye a Kano, domin kaya ɗaya na shiga motoci da yawa, kanikawa kuma na samun shekarun da za su laƙanci injin.

Abin da Kano ke yi wa mota

A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, mota kuma na tsaye a cunkoso injinta na aiki, na'urar sanyaya ɗaki a kunne, iska ba ta ratsa lagireto. Bututun ruwa na roba da injinan Turai da dama ke amfani da su sukan bushe su tsage a irin wannan yanayi, injin alminiyom kuwa tafasa ɗaya kan isa ta lanƙwasa kansa. Injin V8 da BMW ya fito da shi a 2008, wanda aka cusa turbo biyu a tsakiyarsa, ya yi ƙaurin suna wajen tara zafi da shan baƙin mai tun a ƙasashen da ke da sanyi.

Hunturu na zuwa da ƙura, wadda ke toshe matatar iska, ta ci robar jakunkunan iska, ta wahalar da famfon da ke hura su. Idan sifirin ƙarfe ya gaji, mota na ci gaba da tafiya tana ƙara. Idan jakar iska ta fashe, mota zaunawa take yi a ƙasa. Damina kuma na zuwa da ruwa. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a watan Agustan 2022 ta nuna yadda titunan wannan yanki ke komawa kogi. Motar da ke da kwamfutoci gomomi, wasu a ƙarƙashin kujera ko kafet, ba ta yafe irin wannan wanka.

Sai kuma mai. Rahoton da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar a 2016 ya nuna yadda ake shigo da dizal mai yawan sinadarin salfa Afirka ta Yamma. A lokacin dokar Najeriya ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan, Turai kuwa 10 kacal. Injin dizal na zamani, da nozul ɗinsa masu laushi da matatar hayaƙinsa, an yi shi ne don man Turai. A watan Fabrairun 2022 kuma an shigo da fetur mai gauraye da methanol, ya lalata injinan mutane a sassan ƙasar. Wannan ne ya sa masu sanin harka ke fifita motar da aka ƙera don ƙasashen Larabawa, 'yar Dubai, wadda aka shirya ta don zafi da ƙura.

Motocin Toyota ma ba su kuɓuta ba. LX 470 da LX 570 na da shakazoba mai aiki da ruwan haidirolik, gyaranta kuma na da tsada idan ta tsufa. Injin LX 470 na da bel ɗin tayimin da dole a sauya shi a kan lokaci. A 2010 mujallar Consumer Reports ta gargaɗi jama'a kan GX 460 saboda hatsarin kifewa, har kamfanin ya dakatar da sayarwa ya gyara kwamfutarta. Farin jinin Toyota ya kuma jawo masa jabun kaya, ta yadda mai mota zai sayi matatar mai cikin kwalin kamfani alhali ta bogi ce.

Abin da alƙaluma ke faɗa, da abin da suka bari

Binciken J.D. Power na Amurka, mai ƙirga matsaloli cikin kowace mota ɗari da ta shekara uku, ya sha ɗora Lexus a sahun gaba, Land Rover kuma sau da yawa a can ƙasa. Wannan ya dace da abin da kanikawan Kano ke gani. Amma binciken na auna mota ce 'yar shekara uku, a hannun mai ita na farko, a kan titin Amurka. Motar da ke isowa Kano sau da yawa ta fito ne daga gwanjon motocin inshora da kamfanoni irin su Copart ke gudanarwa, inda ake sayar da waɗanda suka yi hatsari ko ruwa ya ci, a gyara su, a wasu lokuta ma a mayar da agogon kilomita baya. Lexus da ta kwana cikin ambaliya a Texas ta fi Range Rover mai tsabtataccen tarihi hatsari. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke jikin kowace mota na buɗe wannan tarihi a intanet da kuɗi kaɗan, kuma ita ce tambaya ta farko da ya kamata a yi wa dillali.

Hukuncin Wapa

Tafiyar 'yan mintoci daga Titin Ibrahim Taiwo akwai kasuwar canji ta Wapa, kuma a nan ake yanke rabin hukuncin ƙarkon mota. Bayan cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023 da sakin naira a watan Yuni, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Kayan Toyota, sabo ko na hannu, ana samunsa a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, ko ya zo daga Ladipo a Legas ko Sharja. Na Range Rover ko BMW sau da yawa sai an yi oda da dala ko fam, motar na ajiye ana jira. Mai motar da ya kasa sayen kayan asali yakan sa a cire jakunkunan iska a dasa sifirin, ko ɗan rewaya ya yi wa waya ƙulle-ƙulle, kowace dabara kuma na haifar da sabuwar matsala. Shi ya sa a kasuwar hannu tsohuwar Land Cruiser ke riƙe farashinta, takwararta ta Turai kuma ke faɗuwa, har ta zama tarko ga matashin da arahar ta ruɗe shi. Araha dai ba ta ado.

Ƙarkon kansa na da kuɗinsa. Injin LX 570 lita 5.7 ne, tankinta na ɗaukar sama da lita 90. Da fetur ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, cika tankin sau ɗaya ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a shekarar. Maganar ƙarko ta shiga siyasa ma. A watan Oktoban 2023, da aka soki Majalisar Dokoki ta Ƙasa kan sayen jif ɗin Toyota da aka ruwaito kowace ta kai kimanin naira miliyan 160, Sanata Sunday Karimi ya kafa hujja da lalacewar hanyoyi da juriyar motocin. Masu suka suka amsa cewa gyaran hanyoyin na cikin aikin majalisar, kuma da an saya daga masana'antun gida irin su Innoson na Nnewi, da an fara gina irin gatan da Peugeot ta samu a 1976.

Kambun da ke iya sauya kai

A 2021 Toyota ya fito da Land Cruiser 300 da LX 600, ya ajiye tsohon injin V8 ya koma V6 mai turbo biyu da giya goma. A 2024 ya janye motoci kimanin 102,000 a Amurka, Tundra da LX 600, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage cikin injin tun daga masana'anta, daga bisani ya amince zai sauya injinan. Dokokin hayaƙi na Turai da Amurka na tura kowane kamfani zuwa turbo da batir da kwamfuta, ratar sauƙin gyara da ta raba Toyota da sauran kuma tana raguwa. Motocin ƙasar Sin na shigowa da farashi mai sauƙi, kamar yadda na Japan suka shigo shekara sittin da suka wuce ana yi musu kallon raini.

Land Rover ta rasa Arewa ne lokacin da kayanta suka yi wuyar samu, Peugeot kuma lokacin da masana'antarta ta yi rauni, motocinta suka fi ƙarfin kanikawanta. Sunan da Toyota ke ci a yau samfuran 80 da 100 da 200 ne suka gina shi, sababbin kuwa ba su kai shekarun da za a yanke musu hukunci ba tukuna. Wanda ke shirin saye zai fi tsira idan ya fara zuwa gareji kafin wurin dillali, ya tambayi ko akwai wanda ya taɓa kwance irin wannan injin a garin, kwana nawa famfon ruwansa ke ɗauka kafin ya iso, da kuma ko da naira ake biyan kuɗinsa ko da dala.